Ina Murnar Kirsimeti, Ina Kuma Kuka: In Daina Zuwa Sujada Sai Janairu?

Tambaya

Salama a gare ku. Ni mace ce mai shekara 41, ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kaduna. Maigidana ya rasu a watan Afrilun bana bayan doguwar jinya, ya bar ni da yara uku: babban namiji mai shekara 16, mai bi masa 11, sai autarmu mai 7. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa da Zumuntar Mata, bana kuma aka sa ni a kwamitin girki. Ga anko, ga gudummawar zumunta, ga ta mawaƙa, ga dangin maigidana suna jiran in kai musu yaran ƙauye. In na ga autata tana koyon wasan haihuwar Yesu sai daɗi ya kama ni, in aka ɗauko waƙar da babanta yake ja sai in kasa tsayuwa. Wata uwa a zumunta ta ce mini kukan ya isa haka, mai bi ba ya baƙin ciki kamar marasa bege. Abin da ya fi ci mini rai, tun bayan jana'iza ba wanda ya tako gidana daga ikkilisiya, sai yanzu da aka kawo mini ambulan ɗin gudummawa. Ina tunanin in daina zuwa sujada sai Janairu. Zunubi nake yi da na kasa cikakkiyar murna da haihuwar Mai Cetona? Me zan yi?

'Yar'uwarku daga Kaduna

Amsa

'Yar'uwa, salama, kuma sannu da babban rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da aka bari, ya sa ki ci moriyarsu.

Ba zunubi kike yi ba. Amma ba mu goyi bayan ki ƙaurace wa sujada har Janairu ba. Abin da ya kamata ki ajiye shi ne wasu ayyukan da aka ɗora miki da wasu kuɗaɗen da ake nema a hannunki. Abubuwa huɗu ne suka cuɗe miki wuri ɗaya: makokin maigida, gajiya, ƙarancin kuɗi, da ɓacin rai da ikkilisiya. Da yake duk a harabar coci suke tarar da ke, sai ki ga kamar cocin ne matsalar baki ɗaya, alhali kowannensu da maganinsa daban.

Uwar da ta yi miki magana, ayar 1 Tasalonikawa 4:13 ta ɗauko. Ki karanta daga nan har aya ta 18 ki gani. Bulus yana magana ne da mutanen da suka binne 'yan'uwansu suna fargabar ko matattun sun rasa rabonsu a komowar Almasihu. Ya tabbatar musu za su tashi, sannan ya rufe da cewa su ta'azantar da juna da wannan magana. Ke nan ayar aiki ta ba wannan uwar, aikin ta'azantar da ke, ba ta ba ta ikon yanka miki ranar daina kuka ba. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, yana kuwa sane zai tashe shi a ranar. Da aka jejjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai zafi. In ta sake maimaita miki, kada ki ja da ita. Ki ce: "Na gode Mama, begena na nan, kewarsa ce nake yi, ki sa ni a addu'a." Wannan ya isa.

Shi kansa labarin haihuwar ba murna zalla ba ne, yara ne dai ba a sa su wasa ɓangaren da ke da ɗaci. A Luka 2:24, da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu ne hadayarsu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya keɓe wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A wurin ne tsoho Saminu ya sa musu albarka, ya kuma gaya wa Maryamu takobi zai soki ranta. A wurin ne kuma Hannatu take, wadda shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya rasu, ta tsufa tana gwauruwa, ita ce kuma ta yi ta ba mutane labarin yaron. Ki juya Matiyu sura 2, ga gudu da dare zuwa Masar, ga Hirudus ya kashe yara maza 'yan shekara 2 zuwa ƙasa a Baitalami, ga Rahila tana kukan 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa. Shi ya sa a tsarin Katolika da Angalika, washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanas ce, 28 ga wata kuma ta yaran Baitalami. Mu nan arewa ba sai an koya mana wannan ba. Akwai iyalan da Kirsimeti ke tuna musu bama-baman Jos na jajibirin 2010, da na cocin Katolika na Madalla a 2011, da hare-haren Bokkos da Barkin Ladi a 2023, suna kuma zuwa sujada suna rera waƙa. A bencin da kike zama ma, ba ke kaɗai ce mai haɗiye hawaye ba.

Batun waƙar da maigida yake ja, ga yadda abin yake. Kewar mamaci ba a shimfiɗe take zuwa ba, tasowa take yi, kuma sauti da ƙamshi da ranakun biki su ne suka fi tayar da ita, musamman a shekarar farko. In ta taso takan yi ƙarfi na ɗan lokaci sannan ta lafa, muddin mutum bai tsorata da ita ba. Abin da ke sa ta kayar da mutum shi ne ta zo masa ba shiri a gaban jama'a. Saboda haka ki je wurin shugaban mawaƙa tun yanzu ki karɓi jerin waƙoƙin da za a yi a daren kerol (daren rera waƙoƙin Kirsimeti) da safiyar 25 ga wata, ki san inda waƙar take. Ki rera ta a gida, ke kaɗai ko da yaran, sau uku ko huɗu a ranaku dabam-dabam, ki yi kukanki a ɗakinki. Ba za ta daina taɓa ki ba, amma zafin farko zai ragu. Ranar taron ki zauna a bakin layi kusa da ƙofa, da hankici da ruwan sha, ki kuma sanar da mace ɗaya da kika yarda da ita ta zauna kusa da ke. In abin ya taso, ki fita waje minti goma ki dawo. Dawowar ita ce muhimmiya. Wanda ya fita ya wuce gida, gobe fitowa takan fi masa wuya. In kuma kin ga ba za ki iya rera wannan waƙar a tsaye gaban jama'a ba, ki gaya wa shugaban za ki koma cikin masu sauraro in an zo kanta. Ba wani shugaban kirki da zai hana ki.

Wannan ne dalilin da muka ƙi shawarar zama a gida. Daga farkon Disamba zuwa Janairu Lahadi huɗu ne ko biyar, ban da kerol da Kirsimeti da daren shiga sabuwar shekara. Duk ranar da kika tsallake, ta gaba sai ta ƙara nauyi, kuma ranar da kika koma kowa zai tare ki da tambaya, abin da kike gudu ke nan. Ga autarki kuma, da za ta leƙo daga kan dandali tana neman fuskar uwarta. Ki riƙe sujadar Lahadi, da ta safiyar Kirsimeti, da ranar wasan yara. Sauran tarurrukan tsakiyar mako, ki je wanda kika ji ƙarfin zuwa.

Ayyuka uku kike riƙe da su, bana ɗaya ya ishe ki. Ki zaɓi wanda in kin dawo daga gare shi kike jin sanyi a rai. Mu dai da za ki ji tamu, kwamitin girki za ki fara saukewa. Shi ne mafi cin jiki: cefanen kwana biyu, kwana a bakin murhu daren 24 ga wata cikin sanyin hunturu, rabon abinci da ƙorafin wanda bai samu nama ba, sannan wanke tukwane. Macen da ta yi wannan ba za ta sami abin da za ta ba 'ya'yanta ranar 25 ba, a shekarar da suka fi bukatarta. Ki sami shugabar zumunta da kanki, a gidanta ko bayan taro in mutane sun watse, kafin mako na biyu na Disamba ya wuce. Kada ki rubuta a zauren WhatsApp na zumunta. Ki ce mata: "Mama, bana ba zan iya aikin girki ba saboda yaran, a sa wata a madadina. Zan soya cincin mudu ɗaya a gida in aiko." Ki lura da abubuwa uku da ke ɓata irin wannan magana. In kika ce "zan gani" ko "sai yadda hali ya yi", za a ɗauka kin yarda. In kika yi dogon bayani, kowane dalili za a samo masa mafita, ki wayi gari kina kan aikin. In kuma kika bari sai 22 ga wata, an riga an raba aiki, janyewarki za ta zama laifi na gaske.

Sai kuɗi. Kafin ki ware ko kwabo don biki, ki ɗauki takarda ki rubuta Janairu: kuɗin makarantar zango na biyu na yara uku, haya in lokacinta ya kusa, abinci da kuɗin mota har zuwa albashi na gaba. Wurare da yawa sukan biya albashin Disamba da wuri, wanda ke nufin sai an yi mako biyar ko shida kafin a ga wani. A nan gidaje da dama suke faɗawa rami. Ki cire wannan kason ki ajiye inda hannunki ba zai kai da sauƙi ba, abin da ya rage shi ne kuɗin Kirsimetinki, komai ƙanƙantarsa. A ce naira dubu 60 ce ta rage. Rabi abinci, kashi ɗaya cikin huɗu suturar yara, ragowar dubu 15 ita ce ta baiko da gudummawa da 'yan kyaututtuka. Daga cikin wannan ragowar za ki ba zumunta da mawaƙa, ba daga kuɗin makaranta ba. Ki sa abin da kika iya a ambulan ki miƙa wa ma'aji da hannunki, ki ce abin da ya sawwaƙa ke nan bana. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, 9:7 kuma ta hana bayarwa a kan tilas.

Anko ba farilla ba ne. Kina da zanen zumunta, ki wanke ki goge ki ɗaura. In kuma ranki yana so ki shiga sahu, turmin atamfa yadi shida ne, ki haɗa kai da wata ku raba uku-uku, ya ishe ki riga da ɗankwali a kan zane mara ado. Ɗinki kuwa a kai wa tela a makon farko na Disamba, bayan nan kuɗi ya hau, alkawari kuma ya zama na baka. Autar ce za ta fi jin rashin sabon kaya, ki fara da ita. Manyan biyu ki zaunar da su ki nuna musu lissafin, gwanjo mai kyau da sabon takalmi ko riga ɗaya ya wadatar. Nama, in ana watanda a unguwa ko a coci, ki nemi rabin kaso ku haɗa da wata, ko ki tsaya a kaza ɗaya ko biyu. Abin da muke roƙonki da babbar murya: kada ki ci bashin biki, musamman a manhajojin bashi na waya. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma an san wasunsu da aika saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayar wanda ya makara biya.

Rabon abinci ga maƙwabta al'ada ce mai kyau, kada ki yar da ita gaba ɗaya, ki dai rage ta. Ki rubuta gidaje huɗu ko biyar da suka tsaya miki lokacin jinya da makoki, har da maƙwabta Musulmi da suke aiko miki naman Sallah. Mudun shinkafa yakan ba da kwano takwas zuwa goma gwargwadon zubi, ke nan mudu biyu ya ishi gidanki da su. In za ki kai wa Musulmi abinci mai nama, ki sayo a wurin mahauci ko ki ba Musulmi ya yanka kazar, kamar yadda aka saba, don su ci hankali kwance. Sauran gidaje cincin a leda ya isa, ba ya lalacewa, ana iya soya shi kwana uku kafin ranar.

Yanzu ga abin da muke ganin shi ne ainihin ƙayar da ke cikin wasiƙarki. Ikkilisiyar da ta yi wata takwas ba ta leƙa gwauruwarta ba, sannan sallamar farko ta zama ta karɓar kuɗi, ta yi kuskure. Ba za mu shafa masa mai ba. Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'anar addini sahihi, kuma a Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafin cewa ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci shi ya sa manzanni suka tara jama'a aka zaɓi mutum 7 don wannan aiki. Ba su ce wa masu ƙorafin su yi shiru ba. Yadda abin yake faruwa a yawancin ikkilisiyoyi kuwa, ba ƙiyayya ba ce. Ana gama jana'iza taro ya watse, fasto ya ɗauka matan zumunta suna zuwa, matan zumunta su ɗauka dattawa suna zuwa, wasu kuma su ga kina zuwa koyon waƙa kina murmushi su ce ai ta warware. Ambulan kuma da jerin sunaye ake raba shi, mai rabon bai tsaya ya duba wa aka yi wa rasuwa ba. Wannan bai wanke su ba, amma yana nuna miki cewa in ba ki faɗa ba, mai yiwuwa har badi ba wanda zai gane.

Ki bi hanyar Matiyu 18:15, wato magana ido da ido da wanda abin ya shafa. Ki nemi ganin fasto ko dattijo ɗaya da kike ganin girmansa, ki tafi da mace ɗaya mai riƙe sirri. Lokaci yana da muhimmanci: daga 20 ga Disamba zuwa sabuwar shekara fasto ba shi da kunnen saurare, ga wa'azi, ga baftisma, ga ɗaurin aure. Ki je cikin mako biyun farko na wata. Ki faɗi abin da ya faru ba tare da kiran sunan kowa ba, ki faɗi yadda ya taɓa ki, sannan ki nemi abu takamaimai, don in kika tsaya a "an yi watsi da ni" haƙuri kawai za a ba ki a rabu. Ki nemi mata biyu su riƙa leƙo ki sau ɗaya a wata. Ki nemi a haɗa babban ɗanki da wani dattijo ko shugaban matasa da zai riƙa jan shi a jiki. Ki tambaya ko ikkilisiya tana da asusun gwauraye da marayu ko kwamitin jin ƙai, da yadda ake shiga, domin da yawa suna da shi, kuma neman haƙƙinki a can ba bara ba ne, maigidanki ya yi shekaru yana zuba baiko a wannan wuri. Abin da zai lalata maganar shi ne fitar da ita a lokacin ba da shaida, ko a zauren waya, ko ta bakin wata ta kai wa wata. Nan take za ta tashi daga batun kula da gwauruwa ta koma wa ya ce me.

Fastoci da shugabannin zumunta masu karanta wannan, kafin ku raba ambulan na bana ku duba gidajen da suka yi jana'iza tun Janairu, ku cire sunayensu, ku kai musu ziyara hannu da ɗan abu. Ku ware minti biyar a daren kerol ko daren 31 ga wata a ambaci waɗanda suka rigaye mu, a yi wa iyalansu addu'a. Wasu ikkilisiyoyi a Amurka da Ingila har sujada ta musamman suke yi wa masu makoki wajen 21 ga Disamba, ba kiɗa mai yawa, sai karatu da addu'a. Ba abin da zai hana mu yin irinta da Hausa.

Batun ƙauye, dangin maigida suna da gaskiyarsu. Sun rasa ɗa, ganin jikoki zai sanyaya musu rai, kuma zumunci a ƙafa yake. Amma ba dole sai ranar 25 ba. Ki kira babban gidan da kanki a farkon wata, ki gaishe shi, ki ce yaran suna da hidima a coci ranar Kirsimeti, za ku zo 27 ko 28 ku kwana biyu. A lokacin cunkoson tasha ya ɗan ragu. In kuɗin motar mutum huɗu ya fi ƙarfinki, ki faɗa a fili, wanda yake son ganin yaran zai taimaka, in kuma bai yiwu ba a ɗaga zuwa hutun Ista. Ku hau mota a tasha, ku tashi da safe don ku isa da rana, ki kuma tambayi mutanen can halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin tafiya. Abu biyu ki kiyaye. Taron biki ne lokacin da dangi suke cika, a nan ake tayar da maganar gado. Kada ki tafi da takardun fili ko na gida ko na haƙƙoƙin aikin marigayi, kada ki sa hannu a komai, kada ki yi alkawari da baki. In an taso da zancen ki ce cikin ladabi a sa rana ta musamman, da fasto ko dattijo a zaune. Na biyu, kada ki tura yaran su kaɗai ba tare da an tsayar da ranar dawowa da wanda zai dawo da su ba, don wani lokaci da kyakkyawar niyya ake cewa a bar ɗaya a rage miki nauyi, daga baya karɓo shi ya zama rigima.

Su ma yaran wannan ce Kirsimetinsu ta farko babu uba. Ki tara su wani dare ki tambaye su me Baba yake yi a wannan lokaci da suke so a ci gaba da shi, me kuma suke so a bari bana. Ki yarda su ga hawayenki, ki gaya musu kewar Baba ce, ba laifinsu ba ne. In autar ta tambaya ko zai zo, kada ki ce ya yi tafiya, yaro mai shekara 7 zai zauna jiran mota. Ki ce ya mutu, yana wurin Ubangiji, ba zai dawo gidan nan ba, amma za mu gan shi a ranar tashin matattu. Babban kuwa, mutane za su yi ta ce masa shi ne uban gida yanzu. Ki sauke masa wannan kaya, ki ce masa shi ɗa ne, karatunsa ne aikinsa. Ki ba shi abu ɗaya na girmamawa, kamar yin addu'ar abinci ranar Kirsimeti. Ki sa ido a kansa daren 24 da na 31, lokacin da samari suke yawo ana miƙa musu giya da ƙwayoyi irin su tiramadol. Ki san da wa ya fita, ki yanka masa lokacin dawowa. Ranar 25 ɗin kanta, safiya takan wuce da sauƙi saboda sujada da girki. La'asar ce mai wuya, in an ci an ƙoshi gida ya yi tsit. Ki shirya mata tun yanzu: ko ku je gidan wata 'yar'uwa daga ƙarfe 3 zuwa 6, ko ki gayyato wata wadda ita ma take ita kaɗai.

In addu'a ta ƙi fitowa, kada ki tilasta wa kanki kalmomin murna. Ki karanta Zabura 13 ko 42 ko 88 da murya, su zama addu'arki. Romawa 8:26 ta san da irin wannan hali, ta ce Ruhu yana yin roƙo dominmu sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba. Baƙin ciki kuma ba dalilin ƙin cin Jibin Ubangiji ba ne.

Akwai abin da ya kwantar mana da hankali a wasiƙarki: har yanzu kina jin daɗi in kin ga autarki tana wasa. Makoki na lafiya haka yake, yana zuwa yana tafiya, da ɗan haske a tsakani. Amma ki san alamomin da ke nuna ya rikiɗe ya zama ciwon damuwa: a yi mako biyu ko fiye kusan kullum rai a ɓace, ba abin da ke ba ki sha'awa ko kaɗan, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai har kina ramewa, kin kasa tsayawa a aji, kina jin ba ki da amfani ko gara ki bi shi. In haka ta faru ki ga likita, a babban asibiti mafi kusa ko a asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Barnawa nan Kaduna. Ciwo ne mai magani, zuwa asibiti kuma bai soke addu'a ba. In tunanin cutar da kanki ya zo miki ko sau ɗaya, a ranar za ki gaya wa wani babba ya raka ki asibiti, ba a jira gobe. Kada ki sayi maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, irin su diyazefam suna kama jiki da sauri. Ki auna hawan jini ko sau ɗaya a watan nan, doguwar jinya da makoki suna gajiyar da mai jinya fiye da yadda take zato. Da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa wata magana. In ikkilisiyarku tana buɗe shekara da azumi, jikinki kuma bai murmure ba, ki gaya wa fasto ki yi gwargwadon ƙarfinki.

Ki kuma shirya wa mako na biyu na Janairu, lokacin da baƙi sun koma, yara sun koma makaranta, aljihu ya yi sauƙi. Masu makoki da yawa a nan abin yake sake danne su. Ranar da kika je ganin fasto, ku tsayar da ranar ziyarar farko ta matan nan biyu a cikin wannan makon, ki rubuta ta a kalanda a gabansa, ki kuma gaya masa tun yanzu cewa a Afrilu maigida zai cika shekara, domin a san yadda za a tsaya muku ke da yaran a ranar.